Ranar da Muka Fasa Dakalin Yohanna

Da can, idan mutum yana son sanin abin da gidansa zai yi a kasuwa, sai ya kira wani ya zo ya taka, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina. Yanzu ku yaran nan kuna kwance a kan kujera a Dagenham, ku latsa waya ta faɗa muku kuɗin gidan da ba ku taɓa ganin ƙofarsa ba. Kwanaki ɗan ƙanwata ya ce mini wai aikin da na tsufa a cikinsa, shi zai gama shi kafin shayinsa ya huce. Ban yi masa musu ba. Na dai tambaye shi ko wayar tasa tana iya jan ciki a cikin taɓo, ya ce ba a kai nan ba tukuna.

Gidajen da na yi aiki a kansu su ne waɗanda ake kira park home. A masana'anta ake ƙera su kamar yadda ake ƙera mota, a ɗauko su a bayan tirela rabi biyu, a kai fili a haɗa su. Daga waje gida ne sosai, da rufinsa da tagoginsa da 'yan furanni a bakin ƙofa. Amma a ƙarƙashinsa shasi ne, wato dogayen ƙarafan nan da ke ɗauke da babbar mota, har da tayoyinsa. Da ka fita daga London ta wajen Essex ko Kent za ka same su jere-jere, yawancinsu na waɗanda suka haura hamsin ne.

Ga abin da wayarku ba ta bayyana muku sosai. Gidan bulo mai ƙasarsa, ko ginin ya tsufa ƙasar tana ta hawa, ita ke jan kuɗin. Flat kuwa, wato sashen gida a bene, shekarun zama ka saya a takarda, muddin shekarun suna da yawa yana bin kasuwa. Shi park home, akwatin ne naka, ƙasar ta mai fili ce. Kowane wata kana biyan hayar wurin, ran da ka sayar kuma yana da la'adarsa, har kashi ɗaya cikin goma. Banki ba ya ba da rancen sayen gida a kansa, don haka mai saye sai wanda ke riƙe da kuɗinsa a hannu. Wanda aka kula da shi a fili mai kyau yana iya riƙe darajarsa, wani ma ya ɗan ɗaga. Wanda aka sake, faɗuwar tsohuwar mota yake yi. A Kano na ga an sayi kango da tsada saboda ƙasar da ke ƙarƙashinsa. A nan na ga gida mai sabon kafet an ba da shi a kuɗin ƙarfe.

Ni asalina kafintan bodin mota ne. A Kano na koya, wurin masu ƙera bodin katako na motocin da ke kai shanu kudu su dawo da goro. Sana'a ta kai ni Kumasi, na zauna a zango har bakina ya kama Twi. Daga nan Yamai, inda na tsinci Faransanci da walda a shekara guda. Sai Jidda, inda muke haɗa ɗakunan ƙarfe na ma'aikatan gine-gine, kuma a can na fara ganin gida yana tafiya a kan titi mutane ba su ko waiwaya ba. Da na iso London na faɗa hannun wani dattijo ɗan Ireland mai suna Con, wanda ya yi walda a masana'antar motocin Dagenham kafin ya koma duba irin waɗannan gidaje yana gyara su. Na zo masa da furfura a gemu, ina ganin babu abin da zai koya mini. Ya ba ni ƙaramar guduma ya ce in shiga ƙarƙashi in yi ta buga ƙarfe ina saurare. Wata uku ban yi komai ba sai wannan. Ƙarfe mai lafiya yana amsa ka da kaifi. Wanda tsatsa ta cinye daga ciki, sai ka ji kamar ka bugi buhun gari.

Kayan aikin ba su cika jaka ba. Tocila, gudumar nan, doguwar sukundireba ta soka katako, na'urar auna danshi, burushin waya, da ƙwayar boris guda ɗaya a aljihu, ɗan ƙwallon ƙarfen nan mai santsi. Aikin da na fara zuwa ni kaɗai, wata tsohuwa ce a Kent ta ba ni shayi da biskit, ta nuna mini sabon kicin yana ta walƙiya, na sa wa gidan kuɗi mai kyau na dawo ina taƙama. Washegari Con ya bi ni can, ya ajiye boris a tsakiyar falo. Muna kallo ya gangara shi kaɗai har bakin ƙofa. Gidan ya zauna ta gefe guda, ni kuwa ina can ina yabon famfo. Con bai yi faɗa ba, ya ce dai biskit ɗin ya yi tsada.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda bankuna suka girgiza. Masu sayen park home tsofaffi ne da suka sayar da gidan bulo suna son su huta da sauran canjin. Da gidajen bulo suka daina tafiya, sai filayenmu suka yi tsit. Con ya riga ya yi ritaya ya bar mini motar aikin, ni kuma na koma waldar ƙofofin shaguna a Plumstead don kada hannu ya yi sanyi. A cikin wannan shekara ce Saratu ta buga mini waya.

Saratu, wadda muke kira Maman Bitrus, nas ce da ta yi aiki a Camberwell har ta yi ritaya. Mijinta Yohanna direban bas ne, shi ma ya ajiye. Mutanen Wusasa ne, ni kuwa Bakano, kun san abin da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa: ba mu taɓa gaisawa ba tare da ɗaya ya kira ɗaya bawansa ba. Shekara takwas kafin nan sun sayar da flat ɗinsu na Plumstead sun sayi park home a wani fili bayan Dagenham. Yanzu suna son komawa gida. Kayansu sun riga sun bi kwantena, sun yi booking ɗin jirgi, ginin da suke yi a Wusasa saura rufi, kuma kuɗin rufin da na zaman tsufansu duk suna cikin gidan nan. A duk tsawon shekarar mutum ɗaya ne ya taya, wata Baturiya da mijinta ya rasu. Ta turo mai duba mata gida, ya zagaya sau biyu bai sami inda zai shiga ƙarƙashi ba, ya rubuta cewa tunda bai ga shasi ba, ba zai ce ta saya ba. Ta ba su zuwa ƙarshen mako mai zuwa, don tana da wani gidan a ido. Idan ta tafi, saura mai fili, wanda ya riga ya yi musu tayin da ko kwanon rufin ba zai saya ba, don shi so yake ya janye gidan ya kafa sabo ya sayar.

Da na isa na gane abin da ya hana mutumin shiga. Ana zagaye ƙasan irin waɗannan gidaje da 'yar katanga don a ɓoye tayoyi, amma dole a bar kafofin iska ta kowane gefe, da 'yar ƙofa ta shiga. Yohanna ya toshe kafofin duka da siminti, ya shafe, ya yi fenti. A gaban gidan kuma, daidai kan 'yar ƙofar, ya gina dakali. Dakali na gaske, irin na ƙofar gidan mai unguwa, mai faɗin da mutum huɗu za su zauna su miƙe ƙafa. A kai na same shi, ya shimfiɗa tabarma, da rediyo a gefe, da wasu tsofaffin Turawa biyu maƙwabtansa sun sa shi a tsakiya. Ashe duk layin sun koyi zaman dakali, kowace yamma nan ake haɗuwa.

Yana ganina ya ce, "Bakano, an jiyo ƙanshin kuɗi an taho."

Na ce, "Bawana na zo dubawa, an ce ka gina fada ba ka nemi izinina ba."

Bayan an ci an sha na tambaye shi dalilin toshewar. Ya ba ni dalilai uku, kuma ba na banza ba ne. Shekararsu ta farko dila ta haihu a ƙarƙashin ɗakin kwanansu. Iskar hunturu tana shigowa ta daɓe har Saratu na kwana da safa biyu. Sannan mahaifinsa magini ne, ya taso yana jin cewa mai barin rami a gindin gini maciji da gafiya yake gayyata. Shi a ganinsa ya sayi gida marar tushe ya yi masa tushe, kamata ya yi a ƙara masa kuɗi. Mai fili kuwa yana wucewa kullum yana ganin aikin, bai taɓa cewa uffan ba.

Na yi masa bayani da Hausa, na sake da Turanci saboda maƙwabtan. Ƙasar Ingila ba ta bushewa. Danshin da ke tasowa daga cikinta, idan bai sami iskar da za ta kwashe shi ba, kan ƙarfe da katako yake kwana. Shekara bakwai ke nan babu wanda ya leƙa wurin, ni ma ban san abin da zan tarar ba. Idan manyan ƙarafan biyu sun tafi, to tayin mai fili ma alheri ne. Idan suna nan, akwai magana. Ya ce to a fasa ta baya. Na kai shi bayan na nuna masa: filin gangare ne, ta can tsakanin gida da ƙasa bai wuce taƙi ɗaya ba, ko kyanwa sai ta rage ciki. Ta gaba kaɗai mutum zai shiga, ta cikin dakali.

Nan fa ya ƙi. Ya ce a kira Baturiyar ta zo ta zauna a kai ta ji, ai da gani an san wanda ya yi wannan aikin ba zai bar gidansa ya lalace ba. Ya ce Kanawa ba su san darajar gini ba sai ta ciniki. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ma ya goyi bayansa, don shi damuwarsa inda za su zauna gobe. Saratu tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu.

Ta ce, "Baban Bitrus, shekara talatin ina juya marasa lafiya a kan gado don kada bayansu ya ruɓe. Abin da ba ya shan iska ruɓewa yake yi, ko mutum ko gida. Alhaji, ɗauko gudumarka."

Yohanna ya ɗauki tabarmar. Ya naɗe ta, ya miƙa mata rediyon, ya ce idan fasawa za a yi shi zai fasa, ba zai tsaya Bakano ya taɓa masa gini ba. Na ba shi babbar guduma da cizal na fasa siminti. Tun hantsi yake bugu har azahar ta wuce, don simintin da ya zuba ya ishi gada. Duk bugun da bai yi komai ba sai ya juyo ya ce in gani, haka ake gini. Tsofaffin layin suka fito suka tsaya da kofunan shayi kamar masu rakiyar gawa.

Da 'yar ƙofar ta bayyana muka ɓalle ta, wani wari ya fito irin na rumbun da ruwa ya shiga. Na sa rigar aiki, na ɗaura tocila a goshi, na shiga da ciki. Ƙasa jiƙe take sharkaf. Ɗigon ruwa na rataye a jikin kowane ƙarfe, tsatsa kuma ta yi ɓawo ja tun daga gaba har inda haske ya kai. Ido ba ya yanke hukunci a nan, don na ga ƙarfen da ya fi wannan muni a fuska yana da lafiya, na ga mai kyan fenti da yatsa ke hudawa. Na fara daga babban ƙarfen dama. Na kankare da burushi, na buga. Ya amsa da kaifi. Na matsa taki biyu na sake. Haka na bi shi har ƙarshe ina jan jiki, Yohanna kuma ya kwanta a bakin ramin ya zuro kai, duk bugu ɗaya sai ya ce, "Yaya?" Na ce masa idan bai yi shiru ba zan rubuta cewa na sami Bazazzagi a ƙarƙashin gidan, kuɗin ya ƙara faɗuwa.

Na dama lafiya. Na juyo ta na hagu, shi ma yana amsawa, har na kai kusurwar baya, ƙarƙashin banɗaki. A nan sautin ya mutu. Ba babban ƙarfen ba ne, wani ƙarami ne da ke gicciye yana tallafe da daɓen. Na sa sukundireba ta wuce kamar a cikin sabulu. Katakon da ke sama ya yi laushi kamar gurasar da aka jiƙa. Na haska sama na ga dalili: wani bututu yana ɗiga, kaɗan-kaɗan, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ƙafafun ƙarfe biyu da ke tokare da wannan kusurwa su ma tsatsa ta ci rabinsu. Na sake komawa kan babban ƙarfen da ke kusa da wurin, na kankare shi sosai har ya yi fari, na buga sau uku don in tabbata. Yana nan.

Na fito baya-baya, taɓo har kunne. Saratu ta miƙo mini tawul. Na ce mata ƙashin bayan gidan lafiya lau, haƙarƙari ɗaya ne ya karye, kuma da an ƙara hunturu biyu a haka da wata rana Yohanna ya shiga wanka ya tsinci kansa a ƙasa. Ta ce Allah mun gode, ta koma ciki ta ɗora tukunya. Yohanna ya ce ai dama ya faɗa, ginin kirki ba ya cin amanar mai shi.

Kwana huɗu muka yi. Na ɗaga kusurwar da jak, na yanke ruɓaɓɓen ƙarfen na yi waldar sabo, na canja ƙafafun biyu da katakon da bututun, na kankare shasin duka na shafa masa baƙin fenti mai hana tsatsa. Yohanna da hannunsa ya buɗe kafofin iska a katangar, ya jera su daidai da igiya, ya gyara bakin 'yar ƙofar. Ran Alhamis mai duba gidan ya dawo, ya shiga, ya daɗe, ya fito ya rubuta abin da ya gani. Da zai tafi ya tambayi wanda ya yi katangar, ya ce aikin hannu ne mai kyau. Wannan magana na ji ta daga bakin Yohanna ya fi sau goma kafin su tashi.

Baturiyar ta amince za ta saya, amma ta rage wani abu saboda abin da aka samu. Saura sa hannun mai fili, don a wancan lokacin sai ya amince da mai saye kafin ciniki ya faɗa. Ya fara yau da gobe, yau ba ya nan, gobe takarda ta ɓata. Saratu ta ci ado irin na zuwa coci, ta ɗauki fulas ɗin shayi da saƙarta, ta je ofishinsa ta zauna. Ta gaya wa sakatariyarsa kada ta damu, ita ta saba aikin awa goma sha biyu a tsaye, balle ga kujera. Kafin a tashi aiki ya sa hannu, ya cire la'adarsa.

Abin da ya zo hannunsu bai kai abin da suka sayi gidan ba. A makon ne kuma wani ya kawo wa Yohanna labarin cewa flat irin nasu na Plumstead, a benen da suka bari, duk da lalacewar kasuwa ya kusa ninka kuɗin da suka sayar. Muna zaune a kan kujerun roba a inda dakalin yake da.

Yohanna ya ce, "Wato Bakano, shekara takwas a mota muke kwana."

Saratu ta ce, "Mota mai lambu. Shekara takwas ban hau bene ba, na ci alayyafon da na shuka, kai kuma ka yi sarautar layi. A Plumstead wa ya san sunanka?"

Gaskiyarta, kuma abin da nake gaya wa kowa ke nan. Park home hutu yake sayarwa, da shiru, da maƙwabta masu gaisuwa. Wanda ke neman abin da zai bar wa 'ya'ya ya yi ta hawa, ya nemi mai ƙasa. Kuɗin dai ya rufa ginin Wusasa, da ragowar da za su zauna a kai. Bayan wasu shekaru aka gyara doka, mai fili ya rasa yawancin ikon da yake da shi na tare ciniki, ko da yake la'adarsa tana nan.

Lahadin ƙarshe kafin su tashi, Saratu ta miƙe a taron zumuntar mata ta ba da labarin tun daga dila har ofishin mai fili, ta karanta musu lambar wayata sau biyu. Daga matan coci labarin ya kai ga matan masallaci, don a asibiti ɗaya suke aiki. Kafin wannan, mutanenmu ba sa nemana sai ran da za su sayar, lokacin da abin da zai lalace ya riga ya lalace. Tun daga shekarar nan har na ajiye guduma, kafin su saya suke kirana.